Kalmar "Gonzo" da Sauye-sauyen Ma'anarta a Aikin Jaridar Amurka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wata kalmar sara ta Turancin Amurka, wato "gonzo", wadda ake jingina wa duk abin da ya zo da baƙuwar kama, mu ga yadda ta shiga aikin jarida da irin fuskokin da aka yi amfani da ita. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kalmar ta fara ne a matsayin sunan wata hanyar aiki, amma da tafiya ta yi tafiya sai ta koma mayafin da ake lulluɓe gaskiya da ƙarya a cikinsa.

Shigowar Kalmar

A shekarar 1970 mujallar Scanlan's Monthly ta aiki Hunter S. Thompson ya ɗauko labarin sukuwar dawaki ta Kentaki a garinsu Louisville, tare da mai zane Ralph Steadman, mutumin Birtaniya. Maimakon ya ba da labarin dawakin, sai ya mai da hankali kan shaye-shayen 'yan kallo da nasa halin a tsakiyarsu. Thompson ya faɗa daga baya cewa lokaci ne ya ƙure masa, ya yi ta yago shafukan littafinsa na ajiye bayani yana aika wa mujallar. Da labarin ya fito, sai Bill Cardoso, editan mujallar Lahadi ta jaridar Boston Globe, ya rubuta masa wasiƙar yabo, ya kira aikin "gonzo".

Dangane da asalinta kuwa, Cardoso ya ce a bakin 'yan asalin Ayalan mazauna kudancin Boston tana nufin mutumin da ya rage a tsaye bayan an kwana ana shan giya. Wasu na danganta ta da harshen Italiya, inda take nufin wawa ko gaɓo. Haka kuma akwai wani kiɗa mai wannan suna da James Booker ya fitar a 1960.

Fuskokin Amfani da Ita

Fuska ta farko ita ce ta hanyar aiki, wato ɗan jarida ya shiga cikin labarin tsundum, ya yi magana da bakinsa, ya daina fakewa da cewa shi ɗan ba-ruwanmu ne. Ta biyu ita ce ta suna, domin a labarinsa na birnin Las Vegas da mujallar Rolling Stone ta buga a 1971, Thompson ya laƙaba wa abokin tafiyarsa "Dokta Gonzo", wanda ya gina a kan lauya Oscar Zeta Acosta.

Fuska ta uku ita ce ta fi jan hankalinmu. A lokacin zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a 1972, Thompson ya rubuta cewa ana raɗe-raɗin ɗan takara Edmund Muskie yana shan wani magani mai juya hankali da ake kira ibogen. Daga baya ya bayyana cewa shi da kansa ya ƙirƙiro raɗe-raɗin. A nan kalmar ta zama izinin cuɗa ƙage da rahoto, aka bar wa mai karatu wahalar tsince tsakuwa daga cikin shinkafa.

Fuska ta huɗu ita ce fitarta daga jarida baki ɗaya. Shirin 'yartsana na talabijin The Muppet Show, wanda aka fara a 1976, yana da ɗan wasa Gonzo mai lanƙwasasshen hanci, sannan a 2001 Christopher Locke ya ɗora kalmar a kan dabarun talla.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za mu ga cewa ma'ana ta farko ta taso ne daga zargin da Thompson ya yi wa jaridun zamaninsa, cewa suna ɓoye ra'ayinsu a bayan da'awar adalci. Wannan zargi yana da ƙarfi, amma maganar Muskie ta nuna iyakarsa, domin bayyana ra'ayi daban, ƙirƙirar labari daban. Saboda haka, duk inda mai nazari ya ci karo da wannan kalma, wajibi ne ya fara tantance wace ma'ana ake nufi kafin ya yaba ko ya kushe.