Daga Baƙi zuwa Saiwa: Tarihin Koyar da Kalmomin Hausa a Makarantun Nijar

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna yadda tarihin rubutun boko a Nijar ya ɗora wa malamin firamare wani nauyi da ba a cika lura da shi ba, wato koyar da ƙirar kalma.

Zamanin mulkin mallaka, Faransanci kaɗai ake karantarwa da shi a lakwal. Hausar boko ta fara samun gindin zama ne ta hanyar yaƙi da jahilci, bayan samun mulkin kai a 1960. A 1966 UNESCO ta kira taron masana a Bamako domin daidaita baƙaƙen wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Tsarin da Nijar ta bi a wancan lokaci yana ninka dogon wasali, kamar yadda ake gani a sunayen jaridun karatun manya irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Da wannan tsari, mai koyo yana bambanta "garii" na zama da "gaarii" na tuwo da ido kawai.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. A 1974 kuma aka kafa INDRAP, wadda ta ɗauki aikin shirya littattafai. Hanyar da malamai suka gada daga lakwal ita ce ta haɗa gaɓa: baƙi da wasali, ba, bi, bu, har a kai ga kalma. Hanyar ta dace da Hausa, domin gaɓoɓinta ba su da sarƙaƙiya.

To amma a 1980 taron Yamai ya kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya, aka bar ninka wasali, kuma ƙa'idar 1999 ta tafi a kan haka. An ci ribar haɗin kai, sai dai wani abu ya fita daga takarda. Tun asali ba a rubuta karin sauti, yanzu ga tsawon wasali ya bi shi. Saboda haka yaro na iya haɗa gaɓoɓi daidai, ma'ana ta kuɓuce masa. "Makaranta" wurin karatu ce, kuma jam'in makaranci ne. "Ma'aikata" wurin aiki ce, kuma jam'in ma'aikaci ne. Abin da zai raba masa gardama shi ne sanin ginin kalmar da matsayinta cikin jimla.

Alhali kuwa wannan ilimi ya daɗe a hannun masana. Ƙamus na Bargery ya fito tun 1934. A 1960 Parsons ya bayyana tsarin aikatau na Hausa bisa giredi bakwai, inda saiwa ɗaya ke ba da saya, sayo, saye, sayar da sayu. Ɗafa-goshin ma- shi ma yana haifar da mai aiki, da wurin aiki, da kayan aiki: maɗinki, majema, mabuɗi. Yaron Maraɗi ko na Tawa ya san duk waɗannan da kunnensa tun kafin ya taka ƙofar aji. Abin da ya rage a nuna masa su da alli a kan allo.

Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a makaranta, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Don haka ya kamata masu tsara littattafai su jera kalmomi dangi-dangi, kowace saiwa da ƴaƴanta, tun daga aji na biyu. Ya kamata kuma makarantun horon malamai su ware wa ƙirar kalma darasi nata na kanta, a koyar da shi cikin Hausa.