Daga Dodon Teku zuwa Macijiyar Kusugu: Gardama a kan Sabunta Tsohon Labari

A watan Afrilu na shekarar 2010 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fito da fim ɗin Clash of the Titans, wanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka sani da sunan Le Choc des Titans. Sabuntawa ce ta wani fim mai wannan suna da ya fito a 1981. Dukansu biyu sun ɗauko labarin Farsiyus, jarumin hikayoyin Girkawan zamanin da, wanda ya sare kan Medusa, ya kashe dodon teku, ya ceci gimbiya Andiromeda. Fitowar sabon ke da wuya sai gardama ta kaure tsakanin masu kallo, wasu suna yabo, wasu suna cewa an ɓata labari. Wannan gardama ta cancanci malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Magarya da Dungas su dube ta da idon basira, domin ƙasarsu tana da nata baƙon jarumin da ya kashe dodo ya auri sarauniya, kuma tambayar da aka yi wa labarin Farsiyus tana nan tana jiran labarin Bayajida.

Inda masu kallo suka rabu

Fim ɗin 1981 Desmond Davis ne ya ba da umarninsa, amma sunan da mutane suka riƙe shi ne na Ray Harryhausen, gwanin da ya ƙera dodannin. Da hannu yake aikinsa: ya sassaƙa ƴar tsana, ya ɗauki hotonta, ya motsa ta kaɗan, ya sake ɗauka, har hotuna su taru su zama motsi. Wannan fim shi ne na ƙarshe da ya yi kafin ya ajiye sana'ar. A fim ɗin 2010 kuwa, wanda Bafaranshe Louis Leterrier ya ba da umarni, kwamfuta ce ta zana dodannin. Sam Worthington ya fito a matsayin Farsiyus, Liam Neeson ya zama Ziyus, Ralph Fiennes ya zama Hadis, mai mulkin ƙasar matattu.

Waɗanda suka tashi da tsohon fim sun ce sabon ba shi da rai. A wurinsu Medusar Harryhausen, mai jan ciki a hankali cikin hasken wuta, ta fi ta kwamfuta ban tsoro duk da saurinta. Ya kuma ɓata musu rai ganin yadda aka yi da Bubo, mujiyar ƙarfe da ta raka jarumi a 1981: a sabon fim an nuno ta na ɗan lokaci, aka ce wa Farsiyus ya bar ta a nan. Wasu masu kallon, musamman matasan da ba su san na farko ba, sun ji daɗin faɗa da manyan kunamu da gudun labarin. Masu sharhi da yawa sun soki yadda aka mai da fim ɗin mai hoton 3D cikin gaggawa bayan an gama ɗaukarsa, don cin kasuwar da fim ɗin Avatar ya buɗe a ƙarshen 2009, kuma shi kansa Leterrier ya fito daga baya ya kushe wannan aiki. Duk da haka fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 490 a duniya, har aka yi masa ci gaba a 2012.

Akwai rukuni na uku, na waɗanda suka karanta hikayoyin Girka. Su kukansu shi ne an saɓa wa asali. Dodon da aka kira Kiraken daga tatsuniyoyin matuƙan jirgin ruwa na arewacin Turai ya fito. Aljannun hamada da aka sa suka taimaki jarumi an aro su ne daga al'adar Larabawa. Hatta ƙattin da sunan fim ɗin ya ambata, babu su a cikinsa.

Ina asalin yake?

Wannan kuka yana da ƙarfi a kunne, sai dai tarihi bai ba shi gindin zama sosai ba. Mawaƙi Hesiyod, wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya, ya ambaci yadda Farsiyus ya sare kan Medusa, doki mai fukafukai Fegasus ya fito daga jikinta, amma bai kawo zancen Andiromeda ba. Yurifidis ya rubuta wasan kwaikwayo a kan gimbiyar a shekara ta 412 kafin Miladiyya, wanda gutsattsarinsa kawai suka rage. Obid, mawaƙin Rumawa, ya sake tsara labarin bayan shekara ɗari huɗu, kuma a wurinsa da takobi jarumin ya kashe dodon, yana shawagi da takalma masu fukafukai. Dokin da finafinan biyu suka ɗora shi a kai, a tsoffin ruwayoyi wani jarumi ne daban, Belerofon, ya hau shi. Wurin da abin ya faru ma ba a daidaita a kansa ba: wasu sun ce ƙasar baƙaƙen fata ce da Girkawa ke kira Itiyofiya, wasu sun ce Yafa ce a gabar tekun Falasɗinu. Fim ɗin 1981 ya zaɓi Yafa, na 2010 ya kai labarin birnin Argos. Shi kansa Kiraken da ake zargin sabon fim da shi, tsohon ne ya fara shigo da shi.

Ashe ke nan abin da mai kallo ke kira asali, sau da yawa ruwayar da ya fara gani ce yana yaro. Labarin ya yi shekara fiye da dubu biyu da rabi yana sauya riga, kowane zamani da irin ɗinkinsa.

Kusugu da ruwayoyinta

Bahaushe ba baƙon wannan al'amari ba ne. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Bayajida ɗan sarkin Bagadaza ne, ya sauka Barno ya auri ƴar sarki, ya gudu da ita yamma, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa aka ce masa macijiya mai suna Sarki ba ta barin a ɗebi ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya kashe ta, ya tafi da kanta. Da gari ya waye wasu suka yi iƙirarin su ne suka yi aikin, sai kan macijiyar ya raba gardama. Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, ƴaƴan Bawo shida tare da Biram suka zama Hausa Bakwai.

Amma ba kowa ya faɗe shi haka ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a littafinsa Infaƙul Maisuri na wajen 1812, ya kawo cewa Bawo bawan sarkin Barno ne. An rubuta wannan ne shekaru kaɗan bayan jihadi ya tumɓuke sarakunan Haɓe, lokacin da ake muhawara mai zafi tsakanin Sakkwato da Barno. Ruwayar fadar Daura, wadda Bature H. R. Palmer ya buga a 1928, ta ba Bawo jinin sarauta ta uwa da uba. Bambancin ɗan sarki da bawa a nan ya shafi wanda ya cancanci gadon mulki.

Mutanen Magarya suna da hannu a cikin wannan tarihi. Bayan Malam Isiyaku ya ci Daura a 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Baure, kuma sarautar Magarya da wannan gida take danganta asalinta. A ƙarni na 19 yankin ya shiga ƙarƙashin ikon Damagaram. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Magarya ta faɗo ɓangaren Faransa, Daura da Zango da Baure suka faɗa na Ingila, inda aka mai da gidan Haɓe kan gadon Daura a 1906. Gidan da ya yi shekara ɗari yana gudun hijira, labarin Bawo shi ne shaidar haƙƙinsa. Dungas kuwa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Magarya, tana cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda tarihin bakinsu ke jingina asalin sarautarsu da Barno. Maƙwabta biyu ke nan, ɗaya tana duban Daura, ɗaya tana duban gabas, kuma tafiyar Bayajida ta ratsa duka wuraren biyu. Mai sauraro daga kowane ɓangare yana da abin da yake kasa kunne ya ji ko an faɗa daidai.

Auren da aka cire

A nan ne ake gane canjin da ya fi nauyi a fim ɗin 2010, wanda hayaniyar 3D da ta mujiyar ƙarfe suka rufe. A wurin Girkawa, kashe dodo share fage ne kawai. Farsiyus ya auri Andiromeda, ya kafa birnin Maisini, zuriyarsu ta kai ga Hirakilis, kuma masanin tarihi Hirodotus ya kawo cewa Farisawa sun samo sunansu daga ɗansu Farsis. Labari ne na yadda baƙo ya shiga gidan sarauta ta hanyar aure, aka sami tushen al'umma. Fim ɗin 1981 ya riƙe wannan, ya ƙare da bikin aure. Na 2010 ya sa jarumin ya ceci gimbiya, ya ƙi sarautar Argos, ya yi tafiyarsa da wata mace daban mai suna Iyo. Dalilin yaƙinsa ma an mai da shi ramuwar gayya a kan Hadis, wanda ya hallaka iyalin masuncin da ya rene shi.

Mai karatu ya kwatanta fim ɗin da Bayajida zai kashe macijiya, ya goge wuƙarsa, ya hau doki ya bar Daura ba tare da ya ga Daurama ba. Ko da an zana macijiyar da gwanintar da ta fi ta kowa, an zubar da Bawo, an zubar da Hausa Bakwai, kuma gadon da Zango da Baure da Magarya suka riƙe ya rasa madogara. Sauya launin doki ko sunan dodo ado ne, labari yana ɗaukarsa. Cire auren kuwa ya taɓa dalilin da ya sa al'umma ta adana labarin tun farko.

Yadda ƴan Afirka suka sabunta nasu

Wannan ba ya nufin duk wanda ya taɓa ƙashin bayan labari ya yi ɓarna. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen sinimar Nijar, wanda ya rasu a 2015, ya fitar da fim ɗin Toula a 1973 tare da Anna Soehring, bisa hikayar da Boubou Hama ya rubuta. Fari ya addabi ƙasa, aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Saurayinta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, ya dawo ya tarar aikin gama ya gama. An yi fim ɗin ne a tsakiyar babban farin da ya cinye dabbobin Sahel, saboda haka masu kallo sun san ƙishirwar da ake magana a kai. Shi dai Alassane ya yi Samba le grand a 1977 da ƴan tsana masu motsi, irin dabarar da Harryhausen ya shahara da ita, da kayan aikin da ba su kai na Holiwud ko kusa ba.

Dani Kouyaté na Burkina Faso ya wuce nan. A fim ɗinsa Sia, le rêve du python na 2001, wanda ya gina kan wasan kwaikwayon Moussa Diagana na Muritaniya, ya ɗauko hikayar macijin Wagadu ta Soninke, wanda ake ba budurwa. Ya nuna cewa babu macijin sam: masu tsafi ne ke cin zarafin ƴan matan, masu mulki kuma suna rufa asiri. Canji ne mai girma, amma an yi shi da sani, don a tambayi wanda ke cin ribar tsoron jama'a. Mai yin sa ya san abin da ya rushe da abin da ya gina a madadinsa.

Masu kallon finafinan Hausa ma sun yi irin wannan muhawara tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka riƙa zargin masu shirya fim na Kano da wanke finafinan Indiya. Masu kare su sukan tuna cewa Abubakar Imam ya aro labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa a Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya ɓata Hausa. Aro tsohuwar al'ada ce. Abin da ake dubawa shi ne ko mai aron ya fahimci abin da ya ɗauko.

Kammalawa

Yaran Magarya da Dungas suna ganin jaruman wasu ƙasashe a talabijin da wayar hannu, wani lokaci da fassarar Hausa, kuma kamar yadda ya faru ga masoyan fim ɗin 1981, abin da yaro ya fara gani shi zai riƙa kira asali. Duk ranar da wani mai kuɗi da kwamfuta ya yi babban fim a kan Kusugu, ruwayarsa za ta iya danne sauran cikin shekaru kaɗan. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su riga shi: su naɗi muryoyin marokan fada da tsofaffi a Magarya da Dungas da Waca, su rubuta ruwayoyin kowace da sunan garinta, su ajiye ta Bello kusa da ta Daura a gaban ɗalibai, su tambaye su dalilin bambancin. Ɗalibin da ya san ruwaya uku ta labari ɗaya zai iya zama gaban kowane fim, na Holiwud ko na Kano, ya faɗi abin da aka sauya, ya kuma auna ko sauyin ya taɓa ado ne ko ya taɓa tushe.