Daga Kurkuku Zuwa Filin Wasa: Tarihin Masu Gyaran Gadon Baya da Hannu

Ina aji uku a jami'a na yi targaɗe a idon sawu wajen buga ƙwallo. Kakata ta ce a kai ni wurin mai ɗori, abokaina kuwa suka dage sai asibiti. Gardamar da aka yi a kaina ran nan ita ta sa na soma bibiyar tarihin kairofuraktik, wata sana'ar Amurka da ta shafe kusan ƙarni guda tana fafutukar a amince da ita a matsayin hanyar magani.

An haife ta a garin Davenport na jihar Iowa. A shekarar 1895 wani haifaffen Kanada mai suna Daniel David Palmer, wanda bai yi karatun likitanci ba, ya danna gadon bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, sannan ya yi iƙirarin cewa kurumtar da ke damun mutumin ta yaye. A kan wannan ya gina ra'ayinsa cewa yawancin cututtuka suna tasowa ne daga gocewar ƙasusuwan baya, wadda ke matse jijiyoyi. An raɗa wa sana'ar suna daga Girkanci, mai ma'anar aikin hannu, kuma a 1897 ya buɗe makarantar koyar da ita.

Likitoci ba su zuba ido ba. A 1906 aka ɗaure Palmer bisa laifin yin magani ba tare da lasisi ba, makarantar kuma ta koma hannun ɗansa, B. J. Palmer. Jihar Kansas ce ta fara kafa dokar ba su lasisi a 1913, amma sai a 1974 Louisiana ta zama ta ƙarshe da ta bi sahu. Kafin nan, a 1963, Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamiti na musamman domin daƙile sana'ar. Chester Wilk da abokan aikinsa suka maka ƙungiyar a kotu a 1976, kuma a 1987 mai shari'a Susan Getzendanner ta same ta da laifin haɗa baki don karya abokan gasa. Hukuncin ya wanke su daga ƙauracewa, amma bai gaskata ra'ayin Palmer ba.

Filin wasa ne ya ƙara buɗe musu ƙofa. Ɗan wasa ba ruwansa da gardamar malamai. Abin da yake so shi ne tsokarsa ta saki, ya koma fili. A gasar Olamfik ta hunturu ta 1980 a Lake Placid, George Goodheart ya shiga ayarin masu kula da lafiyar 'yan wasan Amurka, shi ne na farko daga cikin 'yan sana'ar. Sannu a hankali da yawansu suka rage da'awar warkar da kowace cuta, suka mayar da hankali kan tausa, miƙar da tsoka da atisayen farfaɗo da gaɓoɓi.

Binciken zamani ya nuna cewa aikinsu yana rage ciwon ƙugu gwargwado, kusan daidai da motsa jiki. Bai tabbatar da cewa gocewar ƙashi ce tushen cututtuka ba, kuma murɗa wuya yakan iya raunata jijiyar jini, ko da yake ba kasafai ba.

Ni dai an ɗauki hoton ƙafata, aka ga babu karaya, aka ɗaure ta, na huta har ta warke. Amma na ci gaba da tunanin masu ɗorinmu, waɗanda jama'a suka yarda da hannunsu tun kaka da kakanni. Tarihin Palmer da magadansa ya koya mini cewa sana'ar hannu tana samun mutunci ne ranar da ta san iyakarta, ta kuma yarda a gwada ta.