Zaɓen Majalisar Dattawan Italiya a Jihar Lombardiya, 1948

Wannan zaɓe shi ne wanda aka yi ranar Lahadi 18 ga Afrilu 1948, sa'ad da mutanen Lombardiya, tare da sauran jama'ar Italiya, suka fita a karon farko don su zaɓi dattawan da za su wakilce su a birnin Rum, bayan shekara ashirin da ɗoriya ta mulkin danniya da kuma yaƙin da ya bar ƙasar a rushe. Lombardiya jiha ce ta arewacin Italiya, tana shimfiɗe daga duwatsun Alps zuwa kogin Po, babban birninta Milan, kuma a wancan zamani larduna tara gare ta. Da yake ta fi kowace jiha yawan mutane da masana'antu, sai aka ba ta kujera 31 daga cikin 237 da aka yi takara a kansu, rabon da babu wata jiha da ta sami irinsa.

A zamanin sarauta ba a zaɓen Majalisar Dattawa ko kaɗan, sarki ne yake naɗa wanda ya ga dama, shi kuwa wanda aka naɗa ya zauna har iyakar ransa. A Milan ɗin nan Mussolini ya kafa ƙungiyarsa a watan Maris 1919, a nan kuma aka rataye gawarsa a dandalin Loreto a ƙarshen Afrilu 1945, saboda haka babu jihar da ta fi wannan sanin farkon fitinar da ƙarshenta. Ranar 2 ga Yuni 1946 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mata suka jefa tasu tare da maza, aka tuɓe sarauta aka kafa jamhuriya, aka kuma zaɓi majalisar da za ta tsara dastur, wato kundin tsarin mulki. Dastur ɗin, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1948, ya hukunta cewa a zaɓi dattawa jiha jiha, dattijo guda ga kowane mutum 200,000, mai zaɓe ya kai shekara 25, wanda ake zaɓa kuma ya kai 40. Abin lura a nan shi ne, Lombardiya a lokacin suna ce kawai a takarda, ba ta da majalisa ko gwamnati tata sai a 1970; wato an nemi jiha ta aika wakilai tun ba ta da bakin da za ta gaya musu abin da take so.

Mas'alar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ƙa'idar ƙidayar ƙuri'a, domin ita ce ta yanke siffar majalisar har shekara arba'in da biyar. Masu tsara dastur, bisa shawarar tsohon firayim minista Francesco Saverio Nitti, sun amince a raba kowace jiha mazaɓa mazaɓa, kowace mazaɓa ta fitar da mutum guda, da nufin dattijo ya zama sananne ga mutanen garinsu, wanda suka san gidansu da halinsa, kada ya zama suna a cikin jerin da jam'iyya ta rubuta. Amma da aka zo rubuta dokar zaɓe a farkon 1948, sai aka saka wani sharaɗi da ake danganta shi ga Giuseppe Dossetti na jam'iyyar Dimokuraɗiyyar Kirista, cewa ba wanda zai ci mazaɓa kai tsaye sai ya sami 65 cikin ɗari na ƙuri'un da aka jefa. A ƙasar da jam'iyyu suka yi yawa, wannan sharaɗi kusan mustahili ne. Duk mazaɓar da ba a cika shi ba, sai a kwashe ƙuri'unta a zuba cikin tukunya guda ta jiha, a tara na 'yan takarar kowace jam'iyya wuri ɗaya, a raba jimillar da 1, da 2, da 3, haka har gaba, sa'an nan a bi lambobin da suka fi girma ana ba da kujeru. A cikin jam'iyya kuwa, wanda kasonsa a mazaɓarsa ya fi na 'yan'uwansa shi ke fara shiga. Natijar wannan lissafi ita ce, mutum yana iya zuwa na ɗaya a garinsu ya zauna a gida, wanda ya zo na biyu ya tafi Rum, wata mazaɓa ta wayi gari da dattawa biyu ko uku, maƙwabciyarta ba ta da ko guda. A zahiri mutum ake zaɓa, a baɗini kuwa jam'iyya, kuma a ganin mai wannan rubutu an tauye wa mai zaɓe wani haƙƙi da aka riga aka yi masa alkawarinsa, ko da yake ba za a ƙi faɗa ba cewa sharaɗin ya hana babbar jam'iyya guda ta lashe kujerun jiha kakaf da rinjaye kaɗan, a lokacin da rabin ƙasa yake tsoron rabi.

Jam'iyyun da suka kara sun fito ne daga kawance guda na yaƙi da Fasistanci, amma ba su daɗe a inuwa ɗaya ba. A zaɓen 1946 'yan gurguzu na Pietro Nenni da 'yan kwaminis na Palmiro Togliatti, in an haɗa ƙuri'unsu, sun kai wajen rabin na Lombardiya, kuma magajin garin Milan, Antonio Greppi, ɗan gurguzu ne. A Janairu 1947 Giuseppe Saragat ya ɓalle daga 'yan gurguzu saboda ƙin bin kwaminis, ɓarakar da ta fi yin ciwo a Milan, garin tsohon jagoransu Filippo Turati, inda gurguzun sassauci yake da tsohon tushe. A watan Mayu na wannan shekara Alcide De Gasperi, shugaban Dimokuraɗiyyar Kirista, ya kafa gwamnati ba tare da Nenni da Togliatti ba. Su kuma suka haɗa kai suka tsaya takara da tambari guda, fuskar Garibaldi, gwarzon haɗa kan Italiya, a kan tauraro, suka kira kansu Gamayyar Dimokuraɗiyyar Jama'a, alhali tambarin De Gasperi garkuwa ce mai gicciye.

Ƙasar kanta ta rabu kamar yadda jam'iyyun suka rabu. A gindin duwatsu, wato Bergamo da Brescia da Como da Sondrio da ƙauyukan Brianza, manoma masu 'yan gonakinsu ne da masaƙa, limamin coci shi ne mai ba da shawara a kan aure da bashi da karatun yara, bankin ƙauye da ƙungiyar ma'aikata duk a ƙarƙashin inuwarsa suke. A kudu, cikin fadamar Po, manyan gonakin shinkafa da na kiwon shanu ne, inda 'yan ƙwadago marasa ko taƙi ɗaya na ƙasa suke kwana a gidan mai gona, a sallame su in shekara ta juyo, mata kuma su wuni cikin ruwa suna cirar ciyawar shinkafa. Waɗannan tun kakanninsu jar tuta suka sani. A tsakiya ga Milan da garin Sesto San Giovanni, mai masana'antun Breda da Falck da Marelli, wanda saboda ƙarfin kwaminis a cikinsa ake yi masa laƙabi da Stalingrad ta Italiya.

Wata biyar kafin zaɓe aka ga yadda zukata suka yi zafi. A ƙarshen Nuwamba 1947 ministan cikin gida, Mario Scelba, ya cire Ettore Troilo, tsohon kwamandan mayaƙan sa-kai, daga muƙamin wakilin gwamnati a lardin Milan. Nan take ma'aikata suka bar injuna, tsofaffin mayaƙa suka ɗaura jajayen ƙyallayensu a wuya, Giancarlo Pajetta na kwaminis ya ja su suka shiga ofishin lardi da ke titin Monforte suka zauna, Greppi da magadan garuruwa da yawa suka miƙa takardar murabus. Ana ba da labari cewa da Pajetta ya buga wa Togliatti waya yana yi masa albishir, sai Togliatti ya tambaye shi abin da yake nufin yi da ofishin yanzu da ya kama shi. Aka sasanta, aka watse ba a zubar da jini ba, Troilo kuma bai koma ba. Amma mai kanti da akawu da matar gida da suka ga mutane da makamai a ƙofar hukuma ba su manta ba, kuma da labari ya zo a Fabrairu 1948 cewa kwaminis sun ƙwace mulki a Cekoslobakiya, sai tsoron ya sami hujja.

Yaƙin neman zaɓe ya wuce gardamar haraji da albashi, ya koma tambayar wace duniya Italiya za ta bi. Amurka ta nuna a fili cewa taimakon shirin Marshall ba zai je wa gwamnatin kwaminis ba, Italiyawan da ke can suka yi ta aiko wa dangi wasiƙu suna gargaɗi. Luigi Gedda, wani jagoran 'yan Katolika, ya kafa kwamitoci a kowace unguwar coci, waɗanda suka bi gida gida, suka kuma ɗauko tsofaffi da marasa lafiya zuwa rumfar zaɓe. Babban limamin Milan, Kadinal Schuster, ya umarci limamansa kada su yi wa masu bin aƙidar kwaminis addu'ar yafe zunubi. Marubuci Giovannino Guareschi, a jaridarsa Candido da ake bugawa a Milan, ya yaɗa zanen da ke tuna wa mai zaɓe cewa a cikin rumfa Allah yana ganinsa, Stalin kuwa ba ya gani. Fiye da mutum 90 cikin ɗari suka fita.

A ƙasa baki ɗaya jam'iyyar De Gasperi ta sami kimanin 48 cikin ɗari da kujerar dattawa 131, Gamayya ta sami kimanin 31 cikin ɗari da kujera 72. A Lombardiya rinjayen ya fi haka: jam'iyyar Kirista ta haye rabin ƙuri'u da rabin kujeru, Gamayya ta sauko zuwa wajen sulusi, mutanen Saragat suka kwashi kaso mai kauri daga abin da 'yan gurguzu suka rasa. Lardunan Mantova da Pavia ne suka tsaya wa jar tuta, kuma 'yan tsirarun da suka iya haye katangar 65 cikin ɗari 'yan jam'iyyar Kirista ne na ƙasar duwatsu. Cikin waɗanda aka zaɓa akwai Enrico Falck, ɗan gidan masu masana'antar ƙarfen da ma'aikatanta suka jefa wa Garibaldi, da Cesare Merzagora, ma'aikacin banki ɗan Milan wanda ya tsaya a ƙarƙashin garkuwa ba tare da ya shiga jam'iyyar ba, ya kuma shugabanci majalisar daga 1953 zuwa 1967.

Duk da wannan nasara De Gasperi bai mallaki Majalisar Dattawa shi kaɗai ba, domin dastur ya ba mutum fiye da ɗari kujera ba tare da zaɓe ba a wannan zubi na farko, wato tsofaffin 'yan majalisa na kafin Mussolini da waɗanda suka sha ɗaurin shekara biyar ko fiye a hannun kotunsa, galibinsu kuwa ba 'yan jam'iyyar Kirista ba ne. Wannan karamci ne da ya dace, gama mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa a kurkuku don jama'a su sami ikon zaɓe ya cancanci a ji muryarsa a majalisar farko. Daga cikinsu aka ɗauki shugaban majalisar na farko, Ivanoe Bonomi, haifaffen Mantova.

An ƙayyade wa majalisar shekara shida, amma aka rushe ta a 1953 bayan husumar dokar da za ta ƙara wa masu rinjaye kujeru a Majalisar Wakilai, aka sake rushe ta a 1958, har a 1963 aka gyara dastur, wa'adi ya koma shekara biyar, kujeru 315. Dimokuraɗiyyar Kirista ta ci gaba da zama ta ɗaya a Lombardiya zaɓe bayan zaɓe. Sai a 1987 ƙidayar jiha jiha ta haifi abin da ya yi kama da muryar jiha, sa'ad da Umberto Bossi, ɗan lardin Varese, ya shiga majalisar da sunan wata ƙaramar ƙungiya ta Lombardiya da ke kukan harajin da Rum ke karɓa. A Fabrairu 1992 alƙalan Milan suka fara binciken rashawar da ya girgiza tsofaffin jam'iyyu duka. Ranar 18 ga Afrilu 1993, shekara arba'in da biyar daidai bayan zaɓen farko, aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan sharaɗin 65 cikin ɗari, fiye da mutum 80 cikin ɗari suka ce a soke shi, kuma a Janairu 1994 jam'iyyar De Gasperi ta rushe kanta.