Asuwaki, Goro da Sukari: Haƙora a Tarihin Ƙasar Hausa

Wanda ya ke son sanin yadda Hausawan dā su ke kula da bakinsu, ya kamata ya fara da kalmomin kansu. "Asuwaki" daga Larabci ta fito, watau as-siwak, har da harafin ta'arifi da ya manne mata, kamar yadda ya manne wa "alƙali" da "allo". Wannan ya nuna ta hanyar malamai kalmar ta shigo. Ba mamaki, gama Ahalari, littafin da ɗalibi ya ke farawa da shi a fiƙihu, ya lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala. Ta haka goge haƙori ya bi lokutan salla, sau da yawa a yini, tun ba a san asibiti ba.

Amma fa farin haƙori ba shi kaɗai ne ado ba a da. Sa'ad da Clapperton ya sauka Kano a 1824, ya ga maza da mata suna rina haƙoransu da leɓunansu da furen taba har su yi ja wur, ana kuwa ɗaukan wannan kyau ne. Ga kuma goro, wanda fatake su ke ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya sa shi cikin manyan hajojin kasuwar. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya yi ta araha sannu a hankali, har talaka ya shiga cinsa kullum, ba sai ran suna ko ɗaurin aure ba.

A nan ne masu duban al'amarin daga nesa su kan yi kuskure. Su kan ga jan baki su ce cuta ce. Alhali goro rini ya ke yi wa haƙori, kuma rini dabam, ruɓa dabam. Tabar gari da a ke haɗawa da kanwa a dunƙula a kunci, ita ce mai ɓarna ta gaske, don tana cin dasashi, tana kuma jawo ciwon daji na baki. Tsakuwar dutsen niƙa da ke cikin gari ita ma tana goge kan haƙora a hankali. Saboda haka kada a ce zamanin dā ba shi da ciwon baki.

Kogon haƙori kuwa labarinsa na sukari ne. Tun 1890 W. D. Miller ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta na baki su ke juya zaƙi ya zama tsami, tsamin ya narkar da ɓawon haƙori. Bincike na baya ya ƙara da cewa yawan maimaita shan zaƙi a yini yana ɓarna ƙwarai, ba yawansa kaɗai ba. To, Bahaushen dā ya san zuma da rake da dabino, kuma "sukari" da "alewa" tsofaffin aro ne daga Larabci, amma abin marmari ne na jefi-jefi. Abincinsa na kullum tuwo ne da fura. Kantunan Turawa su ka kawo sukari mai ƙwaya a kwali, aka buɗe masana'antar sukari a Bacita a 1964, mai shayi ya kafa tebur a bakin tasha, fura da koko su ka koma ba a sha sai da zaƙi. Yaron makaranta kuma ya sami minti da lemon kwalba, yana tsotsa tsakanin kalaci da kalaci, a shekarun da bai fara riƙe asuwaki ba tukuna.