Jirgi

jirgī sn., nj., jam. jirā̀gē.

1. Abin hawa da ke ɗaukar mutane da kaya a ruwa ko a sama: *jirgin ruwa, jirgin sama.*

2. ~n ƙasa: jerin taragu da ke tafiya a kan dogo: *jirgin kuza ya tashi daga Bukuru, dogon Kafanchan ya iso Jos a 1927.*

3. kan ~: injin da ke jan taragu, na gawayi ko na dizal: *kan jirgi ya yi kuwwa.*

4. (kwamf.) Siffar jirgin ƙasa a wasan tuƙi na kwamfuta, irin su Microsoft Train Simulator (2001). fentin ~: fayil ɗin hoto da ke lulluɓe siffar, da shi ake sauya launi, lamba da tambari: *ya sake wa kan jirgin fenti, ya sa masa tsatsa da baƙin hayaƙi.*

Karin magana: *jirgi ɗaya ya kwaso su*, halinsu ɗaya.

Dangogi: tashar ~, direban ~, ƙaramin ~: na siririn dogon Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957.