Auren da Ba Aure Ba: Fyaɗe a Fagen Yaƙi da Shirun Kotunanmu

Duk wanda ya zauna a Hotoro ta Kano cikin shekarar 2014 ba zai manta da ranar 28 ga Yuli ba, cikin kwanakin Sallah Ƙarama, sa'ad da wata yarinya ta shiga cikin masu sayen kananzir a babban gidan man NNPC da ke kan hanyar Maiduguri, ta tayar da abin da aka ɗaura mata a jiki, ta halaka, waɗansu bayin Allah suka halaka tare da ita; kuma kafin mako ya zagayo aka sake ganin irin wannan musiba a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. Mutanen birni, waɗanda tun harin 20 ga Janairu 2012 da ya ragargaza hedikwatar 'yan sanda ta Bompai suka saba da shingen bincike, har ma'aikacin Sharada ko Challawa yakan yi sallar isha'i a hanya kafin ya isa gida, sai suka shiga tambayar mutum nawa aka rasa, kuma wa ya turo ta. Tambayar da ba a cika yi ba, wadda ita ce maƙasudin wannan maƙala, ita ce: me ake yi wa 'ya'ya mata a hannun 'yan Boko Haram tun kafin a kai ga ɗaura wa wata bam, kuma wace kotu ce ta zauna domin jin wannan?

Amsar rabin farko ta zo daga bakin waɗanda Allah ya kuɓutar, na Chibok da aka kwashe su 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, da dubban matan Bama da Gwoza da ƙauyukan bakin Sambisa waɗanda duniya ba ta san sunayensu ba. Abin lura a cikin bayaninsu, wanda mai karatu zai iske yana maimaituwa, shi ne da wuya a ji wata ta ce an yi mata fyaɗe, abin da take cewa shi ne, "An aurar da ni." Kalmar ba tata ba ce, ta wanda ya kama ta ce, shi ya ɗora mata ita a baki, domin ya san a ƙasar Hausa da Borno babu rigar da ke rufe al'aurar laifi kamar sunan aure. Inda kuwa ba a ce aure ba sai a ce ganima, kamar yadda shugaban ƙungiyar na lokacin, Abubakar Shekau, ya fito a watan Mayu 2014 yana alfaharin zai sayar da 'yan matan a kasuwa, alhali tun 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a cikin Mi'irajus Su'udi cewa mutanen Borno da Kano da Katsina 'ya'ya ne, bautar da su ba ta halatta ba.

Da gwamnati ta tashi yin shari'a, sai ta kai alƙalan Babbar Kotun Tarayya barikin soja na Wawa, kusa da Kainji a Jihar Neja, inda ake tsare da mutum 1,669. A zaman farko, cikin Oktoba 2017, wanda aka yi a asirce, an hukunta 45, an sallami 468. A zama na biyu, cikin Fabrairu 2018, an hukunta 205, cikinsu har da Haruna Yahaya, mutum na farko da aka ɗaure saboda satar 'yan matan Chibok. Amma wanda ya dubi takardun tuhuma zai ga kusan dukkansu abu guda suke faɗi: zama ɗan ƙungiya, kai mata abinci ko mai, ɓoye labarinta ga hukuma. Aka hukunta mutum kan tutar da ya bi, aka bar abin da hannunsa ya aikata.

Wannan shiru yana da dalilai waɗanda ba duka ne na mugun nufi ba. Dokar hana ta'addanci ta 2011, da gyaranta na 2013, ba ta ambaci fyaɗe da sunansa ba. Fyaɗe kuwa laifi ne na dokar jiha, hurumin Babbar Kotun Jiha, alhali ta'addanci hurumin kotun tarayya ne, don haka laifin ya faɗa a ratar da ke tsakanin kotuna biyu. Sa'an nan galibin hukuncin Kainji a kan iƙirarin wanda ake tuhuma aka gina shi, ba a kan shaidu ba, kuma babu mai hankalin da zai ƙara wa kansa laifin da ba a tambaye shi ba. Mafi muni, sashe na 282 na kundin laifuffukan Arewa ya ce saduwar mutum da matarsa wadda ta balaga ba fyaɗe ba ce. Ashe ke nan muddin aka bar kalmar aure ta tsaya ba a tuhume ta ba, mai laifi ya sami mafaka a cikin dokar da aka yi domin kama shi.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu shan wannan wahala. Kotun Ruwanda, a shari'ar Jean-Paul Akayesu ranar 2 ga Satumba 1998, ita ce ta fara yanke cewa fyaɗe na iya zama hanyar kisan ƙare dangi. Kotun Saliyo ta tabbatar a 2008 cewa auren dole a lokacin yaƙi laifi ne mai zaman kansa. Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka kuma ta ɗaure Dominic Ongwen na Yuganda shekara 25 a 2021, cikin laifuffukansa har da auren dole da cikin dole. Sai dai kada mu yi saurin jinjina, domin shari'ar da ta fi kama da tamu, wato ta Al Hassan, jami'in 'yan sandan Ansaruddin a Tumbutu, ta ƙare a wannan kotu a watan Yuni 2024 da kama shi da laifin azabtarwa, amma ba a kama shi da fyaɗe ko auren dole ba, ko da yake alƙalai sun yarda an aikata su a garin. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa Kotun Duniyar, tun 2001, ba ta mayar da ita dokar cikin gida ba. Kuma ko da Fatou Bensouda, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, ta bayyana a Disamba 2020 cewa akwai hujjar buɗe bincike kan Boko Haram da jami'an tsaro duka biyu, maganar ta tsaya nan shekara da shekaru.

A nan ne nake ganin mun yi sakaci da abin da ke aljihunmu, muna hangen na nesa. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Kano tun kafin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a wannan birni, bai ɗauki mace da aka ƙwace da makami a matsayin mas'alar zina ba. Fuƙaha'u da dama sun sa ta a babin hiraba, wato fashi da yaɗa fasadi a bayan ƙasa, wanda hukuncinsa ya zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya ba da labari a cikin Ahkamul Ƙur'ani cewa, zamanin da yake alƙalanci, an kawo masa waɗansu da suka tare ayari suka ƙwace mace, muhutai suka ce ba hiraba ba ce tun da ba dukiya aka ɗauka ba, shi kuwa ya yi musu raddi mai zafi, ya nuna musu cewa mutum ya fi yarda a washe dukiyarsa da a taɓa matarsa ko 'yarsa. Fa'idar wannan rarrabewa babba ce: a babin hiraba ba a neman shaidu huɗu, kuma macen mai ƙara ce, ba abokiyar laifi ba. Wanda ya tuna yadda ciki kaɗai ya kai Safiya Husaini gaban hukuncin jifa a Gwadabawa a 2001, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sallame ta a 2002, zai gane dalilin da ya sa macen da ta fito daga daji da goyo take jin tsoron buɗe baki gaban kowane alƙali. Aure kuwa da babu waliyyi, babu yarda, an ɗaura shi bindiga na kallo, sau da yawa ma mijinta na fari yana raye ko an kashe shi a gabanta ba ta yi idda ba, babu almajirin Risala da zai kira shi aure.

An sami ɗan motsi a watan Disamba 2023, sa'ad da Babbar Kotun Tarayya ta hukunta wani ɗan Boko Haram a karon farko kan cin zarafin mata a matsayin aikin ta'addanci. Abin yabo ne ga masu gabatar da ƙara da suka nemo hanya a cikin dokar da ba ta buɗe musu ƙofa ba. Amma a lokacin mutum ɗaya ne, bayan shekara goma sha huɗu ana yaƙi.

Za a ce, kuma na ji dattawa masu mutunci suna cewa, sutura ta fi, a bar kaza cikin gashinta, domin tonon zai hana yarinya miji ya kuma jawo wa ɗanta gori. Hujja ce mai nauyi, ba ta raini ba, sai dai ta manta cewa gorin ya riga ya sauka: a sansani da unguwa ana nuna ta ana cewa matar 'yan Boko Haram, kuma abin da ke raya wannan suna shi ne babu wata hukuma da ta taɓa tsayawa ta ce ba matarsa ba ce, wadda ya zalunta ce. Suturar da ta kamata ita ce a ji shaidarta a ɗaki, a ɓoye sunanta a takarda, ba a ɓoye laifin ba. Haka nan maganar tubabbu, waɗanda tun 2016 ake kai su Malam Sidi a Jihar Gombe a koya musu sana'a a mayar da su gida: aya ta 34 ta Suratul Ma'ida ta yarda da tuban ɗan hiraba kafin a kama shi, amma a mazhabarmu tuba yana kayar da haƙƙin Allah ne, haƙƙin bayi yana nan a wuyansa, kuma ba gwamna ko janar ne ke da ikon yafe shi ba, mai haƙƙin ce. Kuma ma'aunin ba ya canjawa don mai laifi yana sanye da kaki: Human Rights Watch ta tattara bayanin mata 43 a sansanonin Maiduguri a 2016, Amnesty ta kawo na matan Bama a 2018, suna zargin sojoji da 'yan kato da gora da sayen mutuncinsu da abinci, rundunar soja ta musanta, musu kuwa wurin warware shi kotu ne.

Saura batun abin da hukunci zai ƙunsa. Imam Malik ya tabbatar a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya tilasta wa mace, bayan haddin da ke kansa, wajibi ne ya biya ta sadakin irinta, ita kuwa babu uƙuba a kanta. Wato tun ƙarni na biyu na Hijira an san ɗaure azzalumi rabin shari'a ne, ɗaya rabin na wadda aka zalunta ne. Mutumin da aka kama a daji ba shi da ko akuya, don haka nauyin yana komawa baitulmali, kuma a nan ne alkawari yakan mutu a takarda. Kotun da ta zauna a Dakar ta yi wa tsohon shugaban Chadi, Hissène Habré, ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016, har da laifin bautar da mata a sansanin soja, aka kuma yanke wa mutum sama da dubu bakwai diyyar sefa biliyan 82. Habré ya rasu a 2021 ba a biya su ba.